Darasi: Jesse Marsch, Ba'amurken da Ya Taka Leda Ya Koma Koci

A daren 2 ga Oktoba, 2019, ƙungiyar Red Bull Salzburg ta ƙasar Ostiriya ta kai ziyara filin Anfield domin karawa da Liverpool, wadda ke riƙe da kofin Zakarun Turai a lokacin. Minti 36 kacal aka yi, masu gida suka zura wa baƙin ƙwallo uku. Sadio Mané ne ya buɗe, shi da ya taɓa sa rigar Salzburg ɗin, sai Andy Robertson ya ƙara, Mohamed Salah ya cike ta uku. Masu kallo da yawa sun ɗauka an gama, saura a ƙirga yawan ƙwallayen da za a sha.

Daf da hutun rabin lokaci wani matashi ɗan Koriya ta Kudu, Hwang Hee-chan, ya yanke Virgil van Dijk ya farke ɗaya. Da aka shiga ɗakin hutu, kocin Salzburg ya tsaya gaban yaransa yana ɗaga murya, yana haɗa Jamusanci da Turanci a jimla ɗaya. Ya tambaye su ƙeta nawa suka yi tun da aka fara wasa, ya ce musu wannan ba wasan sada zumunta ba ne, kuma girman da suke ba abokan karawar ya yi yawa. Ana dawowa Takumi Minamino ya ci ta biyu, Erling Haaland ya shigo daga benci ya ci ta uku. Kocin ya ruga a guje ta gefen fili ya faɗa cikin yaransa ana murna. Daga baya Salah ya sake ci, aka tashi 4 da 3, amma bidiyon wancan jawabi ya zaga duniya.

Sunan kocin Jesse Marsch. Shi ne Ba'amurke na farko da ya jagoranci wata ƙungiya a gasar Zakarun Turai. Tarihinsa ya cancanci a karanta shi a aji, domin yana nuna yadda ake gina mai horarwa tun daga tushe, yana kuma nuna dalilin da ya sa mutum ɗaya, da dabara ɗaya, zai ci kofi a wani gida a kore shi a wani.

Ɗan wasan da ba ya haskawa

An haifi Marsch ranar 8 ga Nuwamba, 1973, a garin Racine na jihar Wisconsin. A Amurka ta wancan zamani, yaro mai son ƙwallon ƙafa ba shi da wata babbar ƙungiya da zai yi burin shiga, domin babbar gasar ƙasar ta rushe tun 1984. Hanyar da ta rage ita ce jami'a. Marsch ya shiga Jami'ar Princeton ya karanta tarihi, yana kuma buga wa makarantar ƙwallo ƙarƙashin wani koci mai suna Bob Bradley. A riƙe wannan suna, domin zai yi ta dawowa.

Masu shekaru a cikinmu ba su manta gasar cin kofin duniya ta 1994 ba, wadda Amurka ta karɓi baƙunci, inda Super Eagles suka je karon farko har Rashidi Yekini ya riƙe raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan da FIFA ta gindaya wa Amurka kafin ta ba ta gasar shi ne ta kafa gasar ƙwararru ta cikin gida. Haka aka haifi MLS, wadda ta fara a 1996 da ƙungiyoyi 10, daidai shekarar da Marsch ya gama jami'a.

Tsarin MLS ya bambanta da wanda muka saba gani a gidajen kallo. Ba a faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni, ba a kuma hawowa daga can. Akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi. Matasan da suka fito daga jami'o'i kuma ana jera su ne, ƙungiyoyi su riƙa zaɓa bi da bi. Wanda ya fi maki a ƙarshen kaka yana samun garkuwa da ake kira Supporters' Shield, amma zakaran shekara shi ne wanda ya lashe wasannin sili-ɗaya-ƙwale da ke biyo baya, ya ɗauki kofin MLS.

A irin wannan zaɓe D.C. United ta birnin Washington ta ɗauki Marsch. Bruce Arena ne koci, Bob Bradley kuma mataimakinsa. Ƙungiyar ta lashe kofin MLS a 1996 da 1997, sai dai Marsch ya fi zama a benci fiye da shiga fili. A 1998 aka kafa sabuwar ƙungiya, Chicago Fire, aka ba Bradley ragamarta, shi kuma ya ɗauko tsohon ɗalibinsa. A shekararta ta farko Chicago ta haɗa kofi biyu, na MLS da na ƙalubale da ake kira US Open Cup, kuma D.C. United ɗin ta doke a wasan ƙarshe na MLS. Marsch ya zama ɗan wasa na farko da ya ɗauki kofin MLS sau uku. Ya ƙara kofin ƙalubale a 2000 da 2003.

Wane irin ɗan wasa ne? Ɗan tsakiya ne mai aikin wahala. Ba shi da gudun da zai ba mutum tsoro, ba ya yanka, ba kasafai yake cin ƙwallo ba. Aikinsa ya tare hanya, ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa wa wanda ya fi shi iyawa, bakinsa kuma bai huta ba yana tsara abokan wasansa. A Chicago ya yi wasa da manya irin su Piotr Nowak na Foland da Hristo Stoichkov na Bulgeriya, shi ne mai share musu fili. A 2006 ya sake bin Bradley zuwa Chivas USA ta Los Angeles. A can ne, a 2007, ya kai wa David Beckham wata ƙafa a ciki lokacin wasan hamayya da LA Galaxy, har 'yan wasa suka yi cirko-cirko. Wannan ƙeta ba abin yabo ba ce, amma ta nuna halinsa: suna ba ya razana shi.

Ya buga wasan gasa fiye da 300 cikin kaka 14. Ƙasarsa kuwa sau biyu kawai ta sa shi a fili, a 2001 da 2007. A farkon 2010 ya yi ritaya.

Koyon sana'a

Bai yi zaman hutu ba. Bradley ya riga ya zama kocin tawagar Amurka, sai ya kira shi mataimaki, suka tafi gasar kofin duniya ta Afirka ta Kudu. Amurka ta yi kunnen doki da Ingila 1 da 1, da Sulobeniya 2 da 2, sannan Landon Donovan ya ci Aljeriya ana daf da tashi, suka fito a saman rukuninsu. A zagaye na gaba, a garin Rustenburg, Gana ta tsayar da su. Kevin-Prince Boateng ya ci da wuri, Donovan ya farke da bugun fenareti, Asamoah Gyan ya raba gardama a ƙarin lokaci. Duk wanda ya yi ihun murna a Kumasi ko Kano a daren nan, to Marsch na cikin waɗanda suka fita fili kai a sunkuye.

A 2011 Meziko ta doke Amurka 4 da 2 a wasan ƙarshe na gasar yankinsu, aka sallami Bradley. Marsch ya samu aikinsa na farko a matsayin babban koci a Montreal Impact ta Kanada, wadda ke shirin shiga MLS a 2012. Kaka ɗaya ya yi. Ƙungiyar ba ta ji kunya ba a matsayinta na sabuwar shiga, amma ba ta kai wasannin neman kofi ba, ra'ayinsa da na masu ƙungiyar kuma ya sha bamban kan inda za a dosa. A watan Nuwamba suka raba gari.

Abin da ya yi bayan nan ba kowa zai yi ba. Ya kwashi matarsa da 'ya'yansa uku suka yi kusan wata shida suna zaga duniya, ƙasashe sama da 30. Da ya dawo ya koma Princeton yana taimaka wa kocin jami'ar a matsayin ɗan sa-kai.

A Janairun 2015 New York Red Bulls ta naɗa shi koci, kuma bai shiga da ƙafar dama ba a wajen magoya baya. Wanda aka cire, Mike Petke, ɗan gida ne da ya ba ƙungiyar garkuwarta ta farko a 2013. A cikin 'yan wasan ƙungiyar, Thierry Henry ya yi ritaya, Tim Cahill ma yana hanyar fita. Sai da shugabannin ƙungiyar suka kira taro da magoya baya, aka cika zaure ana yi musu ihu, Marsch na zaune a gaba yana sauraro. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta ɗauki Supporters' Shield da maki 60, aka kuma zaɓe shi gwarzon koci na MLS.

Salon da ya ɗauka

A New York ne Marsch ya haɗu da tunanin da ya zama nasa. Kamfanin Red Bull yana da ƙungiyoyi a New York da Salzburg da Leipzig ta Jamus, kuma wani Bajamushe, Ralf Rangnick, shi ya shimfiɗa musu salon wasa guda. Ya kamata a fahimci salon nan da kyau, domin shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya.

Yawancin ƙungiyoyi idan suka rasa ƙwallo sukan ja da baya su tsare gida. Salon Rangnick ya ce a'a. Lokacin da abokin karawa ya fi rauni shi ne daƙiƙun farko bayan ya ƙwace ƙwallo, domin kansa na ƙasa, abokansa kuma sun fara buɗewa. Saboda haka da zarar ƙwallo ta kuɓuce, mutum uku ko huɗu mafi kusa za su rufar wa wanda ya karɓe ta, sauran su matso su toshe hanyoyin miƙawa. In an ƙwato, ba a tsayawa raba ta gefe da gefe. A cilla ta gaba, a nemi raga cikin 'yan daƙiƙu, kafin masu tsaron baya su koma wurarensu. Domin hakan ya yiwu, 'yan wasa sukan cunkushe a tsakiyar fili, kusa da juna, su bar gefuna a buɗe da gangan.

Salon yana da tsada. Yana cin ƙarfi, don haka yana son matasa masu huhu. Yana son biyayya, domin in mutum ɗaya ya yi nawa, zoben ya ɓalle, ƙwallo ɗaya za ta wuce mutum biyar. Yana kuma son ƙungiyar da tun daga sayen 'yan wasa take zaɓo masu dacewa da shi. A New York Marsch ya samu haka, har ya fito da yaro ɗan makarantar ƙungiyar, Tyler Adams, wanda daga baya ya zama kyaftin ɗin Amurka a gasar kofin duniya ta 2022.

A Yulin 2018, ana tsakiyar kaka kuma ƙungiyarsa na cikin na gaba-gaba, Marsch ya ajiye muƙamin babban koci ya tafi Leipzig ya zama mataimakin Rangnick. Kamar bakaniken da ya riga ya buɗe garejinsa, ga yara ga kwastomomi, ya rufe ya koma ƙarƙashin wani maigida domin ya koyi gyaran injin da bai sani ba. Ya yi karatun takardar shaidar horarwa ta Turai, ya dage da koyon Jamusanci yana da shekara 44, yana kuma magana da shi gaban 'yan jarida ko da kuskure. A duk tarihinsa babu matakin da ya fi wannan nuna wane ne shi. A kakar nan Leipzig ta zo ta uku a Bundesliga, ta kai wasan ƙarshe na kofin Jamus, inda Bayern Munich ta doke ta 3 da nema.

Salzburg, inda komai ya zauna

A 2019 aka ba shi Salzburg. Wasansa na farko a gasar Zakarun Turai, ranar 17 ga Satumba, ya lallasa Genk ta Beljiyam 6 da 2, Haaland yana da shekara 19 ya ci uku rigis tun kafin hutu. Sun ƙare na uku a rukunin, bayan Liverpool da Napoli. A watan Janairu Haaland ya tafi Borussia Dortmund, Minamino ya tafi Liverpool, amma ƙungiyar ba ta girgiza ba. Patson Daka na Zambiya ya karɓi aikin cin ƙwallo, ɗan ƙasarsu Enock Mwepu yana tsakiya tare da Dominik Szoboszlai na Hangari, ga 'yan Mali, Sékou Koïta da Mohamed Camara. Daga baya Karim Adeyemi, Bajamushe wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya fito. Marsch ya haɗa kofin gasa da na ƙalubale a kaka biyu a jere, 2020 da 2021.

A nan sai a yi adalci. Salzburg ta fi kowa kuɗi a Ostiriya, kuma tun 2014 take ɗaukar gasar kowace shekara kafin ya zo. Kofunan ba su ne abin mamaki ba. Abin a yaba masa shi ne yadda matasa suka bunƙasa a hannunsa, da yadda suka tsaya gaban manyan Turai ba tare da rawar jiki ba.

Leipzig da Leeds

A 2021 Julian Nagelsmann ya bar Leipzig ya koma Bayern Munich, aka ɗauko Marsch ya gaje shi. A ido, babu wanda ya fi shi dacewa. Sai dai gidan ya sauya. Cikin shekara biyu Nagelsmann ya koya wa 'yan wasan riƙe ƙwallo da gina hari a natse, sun kuma ji daɗin hakan, har sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai ta 2020. Ga shi an sayar da Dayot Upamecano da Marcel Sabitzer ga Bayern, Ibrahima Konaté ya tafi Liverpool. Marsch ya zo yana son mayar da su kan tsohon salon guje-guje, su kuma zuciyarsu ba ta can. Manchester City ta zura musu 6 da 3. A farkon Disamba, yana killace a gida saboda cutar korona, Union Berlin ta doke su, suka koma na 11 a teburi. Ranar 5 ga wata aka raba gari. Wanda ya gaje shi, Domenico Tedesco, da waɗannan 'yan wasan ya ɗauki kofin Jamus a ƙarshen kakar. Hausawa na cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma a Leipzig Marsch bai canza rawa ba.

Ranar 28 ga Fabrairu, 2022, Leeds United ta ɗauke shi. Nan ma gadon wanda ake so ya hau. Marcelo Bielsa na Ajantina shi ya dawo da Leeds gasar Firimiya a 2020 bayan shekara 16, mutanen garin kuma suna ganinsa kamar uba. Amma a watan Fabrairun nan kaɗai an zura wa ƙungiyar ƙwallo 20. Ban da nauyin gado, Marsch ya tarar da raini. Yawancin Turawan Ingila ba su yarda Ba'amurke ya san ƙwallo ba. Bob Bradley ya gwada a Swansea a 2016, bai cika wata uku ba. Ana ta kwatanta Marsch da Ted Lasso, wani kocin wasan kwaikwayo na talabijin, Ba'amurke da bai san komai game da ƙwallon ƙafa ba. Wannan kwatanci zalunci ne ga mutumin da ya shafe shekara 26 a cikin sana'ar.

Saura wasa 12 ya karɓa. Ranar ƙarshe, 22 ga Mayu, Leeds na cikin ukun ƙasa, makinta 35 daidai da na Burnley, amma Burnley ta fi ta a bambancin ƙwallaye. Leeds ta je gidan Brentford. Raphinha ya ci da fenareti, Brentford ta farke, sai Jack Harrison ya ci ta biyu a cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara. A can kuma Newcastle ta doke Burnley. Leeds ta tsira da maki 38.

Kaka ta biyu ta zo da ranakun daɗi biyu: an ci Chelsea 3 da nema a Agusta, an kuma je Anfield a Oktoba an doke Liverpool 2 da 1. Tsakaninsu da bayansu kuwa sai tsami. Tun kafin a fara kakar an sayar da Raphinha ga Barcelona da Kalvin Phillips ga Manchester City. Ƙungiyoyin Firimiya kuma sun gano lagon salon: a ɗaga ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan, inda Leeds ta bari a buɗe. Leeds takan yi gudu fiye da abokan karawarta, ta kai hari, amma a tashi ba maki. Bayan Nottingham Forest ta ci su 1 da nema, aka sallame shi ranar 6 ga Fabrairu, 2023, da maki 18 daga wasa 20. Korar ba ta ceci ƙungiyar ba. Javi Gracia ya zo, Sam Allardyce ya biyo, Leeds ta faɗa ƙaramin rukuni a watan Mayu. Wannan ya nuna ciwon ya wuce koci, ko da yake bai wanke kocin ba.

Kanada

Ya fi shekara ba shi da ƙungiya. A watan Mayun 2024 hukumar ƙwallon Kanada ta naɗa shi kocin ƙasa, masu ƙungiyoyin MLS uku na ƙasar, na Toronto da Montreal da Vancouver, suka taimaka da kuɗin ɗaukarsa. Ya tarar da irin mutanen da salonsa ke so, matasa masu gudu da yunwar suna. Akwai Alphonso Davies na Bayern Munich, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam a Gana, iyayensa 'yan Laberiya, shi Marsch ya ba kyaftin. Akwai Jonathan David mai cin ƙwallo, da Tani Oluwaseyi haifaffen Abuja.

Wasansa na farko Holan ta ci su 4 da nema, na biyu suka riƙe Faransa ba ci. Makonni kaɗan bayan haka suka shiga gasar Copa América karon farko a tarihin ƙasar, suka fitar da Benezuwela da bugun fenareti, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Ajantina ta Lionel Messi ta tsayar da su 2 da nema. A neman na uku suka yi 2 da 2 da Yurugwai, aka doke su a fenareti. A Satumbar shekarar Kanada ta doke Amurka 2 da 1 a Kansas City, nasararta ta farko a kan Amurka a ƙasar Amurka tun 1957, kuma Ba'amurke ne a bencinta. Ba kullum ake kwana a gado ba: a 2025 Gwatamala ta fitar da su daga gasar yankin a fenareti. Babban aikin da aka ɗauko shi dominsa shi ne shirya ƙasar don gasar kofin duniya ta 2026, wadda FIFA ta ba Kanada da Amurka da Meziko su karɓi baƙunci tare.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya kalli wasa guda, a gidan kallo ko a filin unguwa. Ya zaɓi ƙungiya ɗaya, ya sa ido a kan abin da 'yan wasanta ke yi a daƙiƙa biyar na farko bayan sun rasa ƙwallo: suna rufar wa mai ita, ko suna ja da baya? Ya rubuta abin da ya gani cikin jimla goma, ya zo da shi aji.